Dafaffun Duwatsu

Sista ta durƙusa gaban tankin, ta manna wayarta a jikin gilashi, tana jiran kifin ya fito daga bayan dutse.

"Kar ki haska masa fitila," in ji mahaifinta daga kan kujera. "Ango ba ya son haske."

"Na kashe, Baba."

"Haka kika ce jiya."

"Jiya ban zo ba."

Ta ji ƙarar kofin shayinsa a kan faranti, ta so a ce ta bar maganar ta wuce.

Kifin ya fito. Bai kai tsawon ɗan yatsanta ba. Jikinsa shuɗi ne mai ƙarfi, an ratsa shi da layuka masu lanƙwasa, ruwan lemo da kore, kamar wani ya zauna ya zana su da hannu. Idanunsa jajaye ne, sun turo waje. Ba ya iyo irin na sauran kifaye biyun da ke tankin. Bin jikin dutse yake, yana kaɗa fukafukan gefe da sauri, ya tsaya, ya kai baki, ya matsa gaba. Saboda wannan adon ne Baba ya sa masa suna Ango. Sunansa na gaskiya babu wanda ya sani a gidan sai Auta, ƙanin Sista, wanda ya haɗa tankin ya kawo wa tsohon don ya riƙa samun abin tashi da safe. Auta yana aiki a jirgin ruwan dakon kaya, kuma in jirgin ya shiga teku ba a samunsa a waya.

Ta ɗauki hoto. Da ta buɗe shi ta faɗaɗa, sai ta ga abin da take gudun gani. Cikin kifin ya lotsa, wani layi ya fito a gefen jikinsa kamar haƙarƙarin mara lafiya.

"Yunwa ce," in ji Baba. "Ba sai kin kai hoto ko'ina ba. Mantawa nake in ba shi abinci."

"Ga sauran biyun nan sai ƙiba suke."

"Su 'yan wawaso ne. Shi mai kunya ne, ina jin a da nakan tsaya masa har ya ci. Yanzu in na tashi daga nan zuwa kicin, sai in tsaya ina tambayar kaina abin da ya kawo ni." Ya gyara hannunsa na hagu a kan cinya, wanda bai gama dawowa daidai ba. "Uwata, maganar nan da ke da mijinki kuka daɗe kuna yi min. In kin tashi aiki ki biyo mu ƙarasa ta. Mutumin da ya kasa riƙe kifi, ban ga dalilin da zai ce sai ya riƙe gida ba."

Tun rasuwar mahaifiyarsu take roƙonsa ya bar wannan benen ya koma wurinta. Ya ƙi. Ya yi aikinsa har ya yi ritaya a ofishin auna yanayi na filin jirgin sama, inda bai taɓa barin awo ɗaya ya wuce shi ba, kuma yakan ce ranar da ya kasa auna gishirin tankin nan da kansa, ranar za a yi maganar tashi. Ko da jini ya ɗan toshe masa a kai aka kwantar da shi asibiti, bai sauya magana ba. Yau ya sauya, ita kuwa ko murmushi ta kasa yi.

Ta sa wayar a jaka, ta ce masa zai ga dawowarta da yamma.

A tashar bas ta kira mataimakiyarta ta ce a riƙe mata aikin yau. Ita ce shugabar sashen da ke wanke kayan tiyata da turara su a babban asibiti. Ma'aikatanta suna tsoronta, likitoci suna yabonta, domin almakashi ko ɗaya bai taɓa fita daga hannunta da ɗigon datti ba.

Ana gobe za a sallamo Baba daga asibiti, ta zo ta yi wa gidan wankin da ta iya. Ta wanke labule, ta goge ƙofofi, ta zubar da magungunan da suka lalace. Da ta zo kan tankin ta ga duwatsun cikinsa sun yi ƙasa-ƙasa, da gansakuka, da santsi, ga wasu ƙananan abubuwa suna rarrafe a jikinsu. A ɗakin da mara lafiya zai kwana. Ta kwashe kifayen da ruwansu ta zuba a bokiti, ta fito da duwatsun, ta dirje su da buroshi, ta dafa su a babbar tukunya har suka yi fari tas, ta shanya su a rana, ta mayar. Ba ta gaya wa kowa ba, don ita ba mai yin aiki ta yi shela ba ce. Yau kusan wata guda ke nan.

Bas ɗin na cikin cunkoso maigidanta ya kira.

"Ranki ya daɗe, albishirinki. Ɗakin Baba ya kammala. Fenti ya bushe, an kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki, har labulen da kika zaɓa na rataya da hannuna. Saura mai ɗaki."

"Sannu da ƙoƙari."

"Shi ke nan? Na hau tsani da wannan tumbin, abin da zan samu ke nan?"

"Ya ce in je da yamma mu yi maganar."

"Shi da kansa? Kai! Me kika ba shi ya sha?"

Ta ce ba ta jinsa sosai, ta kashe wayar.

Shagon kifin yana ƙasan wani dogon gini, tsakanin mai faci da kantin magani. Ciki da ɗumi, da ƙarar injinan iska, da shuɗin haske. Mai shagon mace ce mai furfura, sanye da takalmin roba, hannunta ɗaya cikin tanki har gwiwar hannu. A da tana koyar da ilimin halittun ruwa a jami'a, takardar shaidarta na rataye a bango, danshi ya cinye gefenta.

"Kifin wata ƙawata ne," in ji Sista, tana miƙa wayar. "So take ta san sunansa, da abin da ke damunsa."

Matar ta goge hannu, ta sa tabarau.

"Mandarin ake ce masa. Iri biyu ake kawo mana. Akwai mai ɗige-ɗige kamar an buga masa hatimi, akwai mai layuka. Wannan mai layuka ne. Kin ga wannan dogon tsinken a bayansa? Namiji ne. Matan ba su da shi." Ta faɗaɗa hoton. "Ba shi da ɓawo a jiki irin na sauran kifaye, majina ce ta rufe shi, mai ɗaci da wari. Shi ya sa yake yawo da wannan kwalliyar babu mai cinsa." Ta ƙara faɗaɗawa, ta tsaya a kan cikin. "Wannan ya daɗe bai ci ba."

"Ana zuba masa abinci kullum."

"Na gwangwani?"

"E."

"Ai ko a baki aka sa masa tofarwa zai yi. Zo ki gani."

Ta kai ta wani tanki a lungu. Duwatsun cikinsa sun fi na Baba muni a ranar da Sista ta fito da su. Matar ta miƙa mata gilashin ƙara girma ta ce ta duba jikin dutsen da kyau. Da farko ba ta ga komai ba. Can sai ta ga fararen ɗigo, ba su kai ƙwayar gishiri ba, suna tsalle daga rami zuwa rami.

"Abincinsa ke nan. A inda ake kamo shi, can tekun ƙasashe masu zafi, ba ya zama a kan murjani mai kyau da kike gani a hoto. A ruwa mara zurfi yake, inda igiya ba ta dukan wurin, cikin karyayyen murjani da ya mutu ya taru kamar juji. Wuni yake yana tsintar waɗannan, ɗaya bayan ɗaya. Dutsen nan shi ne gonarsa. Mu dutse mai rai muke ce masa." Ta koma kan wayar, ta matsar da hoton daga kifin zuwa abin da ke bayansa. Ta daɗe tana kallo. "Wa ya yi wa duwatsun nan haka?"

"Wanke su aka yi."

"Da me?"

"Da buroshi." Sista ta dubi ƙasa. "Aka kuma dafa su."

"Aka dafa." Matar ta cire tabarau. "Ƙawar taki aikin asibiti take yi?"

"Me kika gani?"

"Masu gyaran gida da sabulu suke wankewa. Masu yara, yaran ne ke zuba biskit. Dafawa kam sai ku. Bara wani likitan haƙori ya yi min haka da tanki guda, ya zo yana cewa an sayar masa da kifi mai cuta." Ba ta yi dariya ba. "Ta yi sa'a matatar ruwan tana aiki, da duka ukun sun tafi a makon farko. Shi wannan tun ranar yake kai baki yana samun dutse."

"Zai rayu?"

"Ban sani ba. Tunda har yana tsinta, bai fid da rai ba." Ta jawo bokiti, ta ɗebo ruwa daga tankin lungun, ta zaɓo duwatsu biyu mafiya datti ta saka. Ta ɗauko wata kwalba daga firji. "Waɗannan ƙwarin ne a ciki, da ransu. A riƙa zuba kaɗan kusa da dutse in an kashe fitila, a tsayar da injin tace ruwan na ɗan lokaci don kar ya zuƙe su. In ta ƙare a dawo. Duwatsun da aka dafa za su sake yin rai daga jikin waɗannan, amma aikin watanni ne. Kuma abu ɗaya: kar a taɓa tankin. Kar a matsar da shi ko taku ɗaya."

"In mai shi zai tashi daga gidan fa?"

"To ya yi sallama da kifin tun yanzu. Tashi yana nufin a kwashe ruwa, a motsa yashi, a fara daga farko. Lafiyayye ma da ƙyar yake jurewa." Ta miƙa mata bokitin. "Yana buƙatar wanda zai zauna ya kalle shi kullum, ya ga ko cikin yana cikowa. Ƙawar taki tana da irin wannan mutumin?"

"Tana da shi," in ji Sista.

A bas ɗin dawowa ta ɗora bokitin a cinya, ta rufe shi da leda. Kwandasta ya leƙa.

"Hajiya, kifi ne?"

"Dutse ne."

"Dutse a ruwa? Ai da kin faɗa min, bayan gidanmu kyauta ne, har da kwaɗo a kai."

Fasinjoji suka yi dariya. Ruwan ya fantsalo mata a riga duk lokacin da direba ya taka birki.

Hanyar doguwa ce, ta samu lokacin yin tunani. Tana iya saka duwatsun ta ce magani ne mai shago ta bayar, ta yi shiru a kan sauran. Baba zai tattara kayansa a ƙarshen mako. Zai daina hawa bene da ƙafa mai ja, zai daina kwana shi kaɗai a gidan da in ya faɗi babu mai ji. Ta ga tsofaffi da yawa da aka kawo asibiti bayan sun wuni a ƙasan banɗaki. Abin da take so ke nan tun farko, kuma tana da gaskiya. Sai dai zai zo mata yana ganin kansa ya lalace, alhali tukunyarta ce ta yi aikin.

Da ta hau benen, ta tarar ya fito da tsohon akwatinsa daga ƙarƙashin gado. Ya jera rigunansa a kan kujera, ya ware na bayarwa.

"Ba ki je aiki ba," ya ce, yana kallon rigarta. "Mene ne a bokiti?"

Ta ajiye shi gaban tankin. Ba ta zauna ba. Ta gaya masa sunan kifin, da inda irinsa ke zama, da abin da yake ci. Sannan ta gaya masa abin da ta yi ana gobe za a sallamo shi, daga buroshi har tukunya, da irin muryar da take ba likita rahoto.

"Ba ka taɓa mantawa da shi ba, Baba. Bai taɓa cin abincin gwangwani ba, ko lokacin da kake lafiya. Ni na cinye masa gona."

Tsohon ya kalle ta, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa.

"Uwata, ke fa ba ki iya ƙarya ba tun kina ƙarama. Wannan irin wadda kuke yi wa marasa lafiya ce don su ci abinci?"

Ta naɗe hannun riga, ta ciro dutse ɗaya daga bokitin, ta saka shi a tankin a hankali, kusa da nasa. Ɗaya ƙasa-ƙasa da ratsin shanshanbale da gashin gansakuka, ɗayan fari kamar alli.

"Haka naka suke da."

Ya jawo kujerarsa kusa. Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Haka suke," ya ce a hankali. "Har akwai wani mai ja a gefe, Auta ya ce in riƙa lura da shi."

"Ka yafe min."

"Me za a yafe? Tsabta kika yi wa ubanki. Da uwarki ce, har kifin za ta haɗa ta wanke." Ya yi 'yar dariya. Bai ɗauke ido daga tankin ba. "Amma ki duba wani abu. Ni ne fa mutumin da ke kallon gajimare ya ce ruwa zai sauka kafin jirgin yamma ya taso. Na dawo gidana, na zauna a kujerar nan safe da yamma, wata guda, hancina kusan a jikin gilashi. An canza duwatsu daga wannan zuwa wannan, ban gani ba."

"Ba ka da lafiya lokacin."

"Jiya ma na kalle su."

Ango ya fito daga maɓoyarsa. Ya zagaya sabon dutsen daga nesa, ya matso, ya kai baki, ya sake kaiwa.

"Mantuwar abinci ai ƙaramin abu ne a kan wannan," in ji Baba. Ya juyo ya dube ta. "Na gode da kika faɗa min. Yaushe zan taho?"

"In aka matsar da tankin zai mutu. Mai shagon ta ce sai an yi watanni ba a taɓa shi ba."

"To a bar shi nan, maƙwabci ya riƙa leƙawa. Ko a kai wa mai shagon. Ni dai na gama yaudarar kaina. Yaushe?"

Sista ta dubi akwatin, da rigunan da ya ninke da hannu ɗaya, kowace ta karkace. Ta goge hannunta a jikin riga.

"Ɗakin bai yi ba, Baba."

"Ba kun ce fenti ya rage ba?"

"Bango ne ke tsatsafo da ruwa. Mai gyaran famfo ya ce bututu ne ya fashe a ciki, sai an fasa bangon an canza, a jira ya bushe kafin a sake shafe. Zai ɗauki watanni."

Ta jira ya ce mata ba ta iya ƙarya ba.

"Wane bangon?" ya tambaya.

"Na wajen taga."

"Na faɗa wa mijinki tun kuna ginin nan. Wancan bangon shi iska ke duka, ba a bi da bututu ta nan. Ya ce magini ya fi ni sani." Ya gyara zama, muryarsa ta ɗan tashi. "Kar ku yarda a shafe shi da danshi, in ba haka ba shekara mai zuwa ku sake fasawa. Ki ce in ji ni."

"Zan faɗa masa."

"To sai in ci gaba da gadin Ango kafin ku gama shirmenku. Wannan kwalbar fa?"

Ta saka dutse na biyu. Ta nuna masa makunnin injin da zai kashe, da makunnin fitila, da yawan abin da zai zuba, da ramin dutsen da zai zuba a kai. Ya saurara yana gyaɗa kai. Ya karɓi kwalbar da hannun dama, ya ɗaga ta sama yana kallon fararen ɗigon da ke yawo a ciki.

"Sake faɗa min daga farko," ya ce.

Ta dube shi. Haka yake yi tun suna yara, duk abin da aka gaya masa na aiki sai ya sa an maimaita. Haka kuma tsofaffin da ke kwance a asibitinsu suke yi. Ta duba fuskarsa da kyau, ba ta gane wanne ne ba.

Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, ta fara daga makunnin injin.